Dangwale a Takardar 'Yan Sa Kai

Ban taɓa zama a aji ba, wannan ma faɗa nake yi ana rubutawa. Amma shekara goma sha ɗaya na yi a ɗakin kati na wani asibiti a nan Lafia, kuma a tsawon shekarun nan ba a taɓa dawo da fayil daga wurin likita an ce ni na kai wanda ba na mai shi ba. A je a tambaya, waɗanda muka yi aiki tare ba duka suka mutu ba.

Da shara na shiga. Shekarar da aka ba mu jiha garin ya cika da baƙi, kowa na murna, ni kuwa a damina ta gaba maigidana ya rasu. Kafin nan doya nake sayarwa a kasuwa, shi yake saro mini daga ƙauyuka. Da ya tafi sai sana'ar ta gurgunce. 'Yata tana gidan miji a Akwanga, ɗana ya bi mota zuwa Abuja, ɗaki ya rage daga ni sai tabarma. Wata maƙwabciya ce ta yi mini hanya aka ɗauke ni a asibitin, aka ba ni tsintsiya da bokiti da ɗakuna uku. Ɗaya daga ciki shi ne ɗakin kati.

Ga wanda bai san aikin ba, haka yake. Mara lafiya in ya zo karo na farko, ana buɗe masa fayil a ajiye a kanta, a ba shi ɗan ƙaramin kati mai lamba ya tafi da shi gida. In ya dawo ya miƙo katin ta taga, a duba lamba a ɗauko fayil. A faɗe abu ne mai sauƙi. To amma mutanenmu manoma ne. Kati ya sha ruwan sama a aljihu, ko an wanke shi da wando, ko gara ta ci shi a ƙarƙashin katifa. Sai akawu ya ce to faɗi sunanka. Nan ake yin ta. Mutum ɗaya a ƙasar nan yana da sunan da uwarsa ta raɗa masa da yarensu, yana da na coci ko na masallaci, yana da wanda malamin firamare ya rubuta masa don ya kasa furta na farkon. Bara ya ba da ɗaya, bana ya ba da wani, kuma ba ƙarya yake ba, duk nasa ne.

Akawun da na tarar wani dattijo ne mai haƙuri, muna ce masa Malam. Yakan yi rabin awa yana neman fayil ɗaya, layi ya kai bakin ƙofa. Ni ina shara ina jin komai. Zaman kasuwar doya ya koya mini gaisuwa da ciniki da yaren Eggon da Tibi da Alago, Gwandara kuwa a gidan kakata na tashi da shi. Kuma Allah ya ba ni riƙon fuska. Wata rana wata mai sayar da manja ta zo ba kati, Malam yana ta jujjuya kanta. Na ce masa ya duba ƙasa ta hannun hagu, akwai fayil mai tabon manja a gefe, ita ta taɓa shi watan jiya. Ya ɗauko, nata ne.

Daga ranar na fara ɗaura zare. Kowane fayil yana da huda a kusurwa. Na sayi zaren saƙa kala-kala: ja na mutanen wajen Ashige, baƙi na wajen Arikya, fari na cikin gari, kore na masu fitowa daga hanyar Binuwai. Ƙulli kuma na gida ne. 'Yan gida ɗaya ƙullinsu iri ɗaya, uwa ta fi 'ya'ya tsawon zare. Sauran a kaina yake. In mutum ya leƙo ta taga, kafin ya gama gaisuwa na san kantarsa.

Malam ya san ban iya karatu ba, bai taɓa faɗa wa kowa ba. In likita ya aiko da takarda yana son fayil, sai ya karanta sunan da ƙarfi kamar da kansa yake magana, ni kuma in miƙe in ɗauko. Da ya yi ritaya ya koma ƙauyensu, maganar ta tafi da shi. Sababbin akawuna suka zo suka tarar ina zaro fayil kafin su buɗe rajista, suka ɗauka lamba nake karantawa. Ban gyara musu ba. Har na iya riƙe fayil nesa da fuska ina ƙanƙance ido yadda na ga masu karatu suna yi. Ofishin albashi ne kaɗai ake ganin yatsana a tawada, shi kuwa can baya yake, kuma ba na zuwa sai layi ya watse.

Ba zan ɓoye ba, wannan ɗakin ne ya riƙe ni. A gida in na rufe ƙofa ba mai kirana sai ladan. Amma a ɗakin kati, daga safe zuwa la'asar, Mama zo, Mama duba mana, Mama wannan tsohon me yake cewa. Nakan koma gida kunnena cike, in ci tuwona ni kaɗai ban ji komai ba.

Sai kwamfuta ta zo. An sauke kwalaye, an ja wayoyi ta rufi, aka ce in daina yayyafa ruwa in zan yi shara. Ranar Litinin shugaban sashenmu ya tara mu a gindin mangwaro. Mutum ne mai son abu tsaf-tsaf, ko biro ya karkace a teburinsa sai ya gyara. Ya ce duk abin da ke cikin fayil za a zuba shi a kwamfuta, fayil kuma ya tafi sito. Ya ce masu koyarwar da suka zo sati biyu kawai za su yi, don haka yana neman 'yan sa kai daga cikinmu.

Direban motar asibiti ya ce, "'Yan sa kai, Oga? Za a raba mana gora da tocila ke nan?"

Aka yi dariya. Shugaban ya ce ba na sintirin unguwa ba. Mutanen da za su fara koyo yake nufi, sannan su zauna kusa da abokan aikinsu, wanda ya maƙale su ciro shi, wanda ya ji tsoro su kwantar masa da hankali. Ba ƙarin albashi, riga ce kawai za a ba su don a gane su. Ya ɗaga wata takarda mai layi-layi ya ce za a manna a allon sanarwa, mai so ya rubuta sunansa kafin Juma'a. Har ya juya zai tafi ya ƙara da cewa in an gama, ɗakin kati ba zai buƙaci mutane da yawa ba, waɗanda ba su cikin aikin kwamfuta za a rarraba su wasu sassan.

Bai kalle ni ba da ya faɗi haka. Ba shi da dalilin kallona, a takardarsa ni mai shara ce.

A hanyar gida na yi ta juya maganar. Zama kusa da abokin aiki, in ya maƙale a ciro shi. To me nake yi shekara goma sha ɗaya? Na ga in ban shiga takardar nan ba, fita ce daga ɗakin kati. Shiga kuma sai da suna a rubuce. In na ce wa wani ya rubuta mini, kafin azahar asibiti ya ji. Sai na yi wa kaina dabara. Babban yatsana na dama yana da tabo, wuƙar doya ce ta yanke ni tun ina amarya, in na dangwala sai farin layi ya ratsa tsakiya. A ofishin albashi da ganinsa sun san nawa ne. Na ce in shugaban ya gani zai tambaya, za a ce masa na wance ne, sai ya kira ni ofis mu yi magana mu biyu, ba a gaban yara ba.

Talata na riga kowa zuwa kamar kullum. Sunaye huɗu ne a takardar, na gane don layi huɗu ne suka cika. Na buɗe ɗan akwatin tawadar da ake buga hatimi, na danna yatsa, na dangwala a layi na biyar. Na tsaya na dube shi. Ya fita da kyau, har farin layin.

Da rana na wuce ta wurin allon, na ga an canja takardar. Sabuwa fes, sunaye shida a jere, ba dangwale. Na ce wataƙila iska ce ta yage waccan. Laraba na sake, wannan karon na natsu na sa shi daidai tsakiyar layi na bakwai, bai taɓa na sama ba bai taɓa na ƙasa ba.

Wajen ƙarfe tara shugaban ya aiko a kira ni. Na gyara ɗaurin kallabi na tafi, ina shirya abin da zan ce. Na same shi tsaye a gaban allon, ba a ofis ba, akawuna biyu a bayansa.

Ya ce, "Mama, ke ce kike fara zuwa, ko?"

Na ce, "Ni ce, Yallaɓai."

"Dubi wannan. Jiya ma haka aka yi, sai da aka sake kwafe sunayen. Wani ne yake wasa da tawada yana goge hannunsa a takardar ofis. Asibiti ne nan ko makarantar yara? Ki sa mini ido. Duk wanda kika gani, ki zo ki faɗa mini."

Hannuna na dama yana cikin mayafi. Na ce, "To, Yallaɓai."

Ya yage takardar ya dunƙule ya miƙo mini, ya ce in haɗa da shara. Na karɓa da hagu. Ban taɓa karɓar abu da hagu daga hannun babba ba sai ranar, shi kuwa bai ma lura ba.

Da na koma gida na zauna a bakin ƙofa da lemon tsami da toka ina dirzar yatsa. Tawadar ofis ba ta fita da wuri. Maƙwabciyar da ta samo mini aikin ta daɗe da tashi daga unguwar, waɗanda suka maye ɗakinta ma'aikatan sakatariya ne, gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Na je wurin mai wayar kuɗi a bakin titi aka kira mini ɗana. Na fara ba shi labari, yana cikin tasha, hayaniya ta cika wayar. Ya ce, "Mama, in sun ce ki huta ai sai ki huta." Na ce haka ne, na tambayi matarsa da yara, muka yi sallama.

Alhamis ban taɓa takardar ba. Na yi sharata, na ɗauko fayil ga duk wanda ya nema, da hagu.

A cikin akawunan akwai wata mai jego, 'yar Eggon, ba ta daɗe da dawowa daga hutun haihuwa ba. Ita ce ta fi kowa saurin hannu, ita ce kuma aka sa ta kwafe sunayen har sau biyu. Hausarta irin ta garin nan ce, mace da namiji duk "ka" ne a bakinta. Safiyar Juma'a, kafin a buɗe taga, muna mu biyu a ɗakin, sai ta ce, "Mama, kwana biyu da hagu kake aiki. Ka ji ciwo?"

Na ce sanyi ne ya kama mini kafaɗa.

"Kawo hannunka in gani."

"Ke likita ce?"

Ta kamo hannun da kanta. Fatar ta goge, amma ƙarƙashin farce shuɗi yana nan. Ta dube shi, ta dubi zarurrukan da ke reto a jikin fayil-fayil. Na ga lokacin da abin ya faɗo mata.

Ta ce, "Ni na zubar da sunanka ke nan. Sau biyu."

Na ce, "Sau ɗaya. Na biyun ni na zubar, da hannuna."

Ta ɗauki biro ta ce bari ta je ta rubuta mini yanzu, ba wanda zai sani. Na riƙe ta. Na ce in ta rubuta, ranar Litinin za a zaunar da ni gaban kwamfuta a ce in karanta, a gaban mutum goma. Gara in kai kaina.

Na ƙwanƙwasa ofishin shugaban, ita tana bayana ko da ban gayyace ta ba. Na ce, "Yallaɓai, na kamo maka mai ɓata takarda." Na ɗora yatsan a kan teburinsa.

Ya dubi yatsan ya dube ni. Mutumin kirki ne a ƙasan tsantseninsa, na ga kunya ta kama shi. Ya ce in zauna, na ce na gode, a tsaye ma ya yi. Ya yi ta gyara biro da yake a miƙe. Can ya ce, "Mama, ban sani ba. Amma gaskiya aikin nan sai da karatu. Mai taimako sai ya iya abin da zai taimaka a kai."

Na ce, "Kwamfutar nan, in mutum ya ba ta suna uku, ta san mutum ɗaya ne?"

Ya ce a'a, abin da aka rubuta mata shi ta sani.

Sai mai jegon ta sa baki. "Oga, gwajin da muka yi satin nan, fayil da ba mu gane mai shi ba ya cika kwali huɗu. Wani mutum ɗaya fayil uku. Wani ruwa ya cinye sunan. In muka shigar haka, maganin wani za a ba wani. Mama ne kaɗai ya san su."

Ya aika aka ciro takardar sunayen daga allo. Sannan ya jawo takardar, ya tambaye ni cikakken sunana, ya rubuta da hannunsa a ƙasan sauran. Shekara goma sha ɗaya muna gaisawa, ranar ya fara jin sunan mahaifina.

Kafin a tashi sallar Juma'a kowa ya ji. Ban san wa ya faɗa ba, ban kuma bincika ba. Litinin aka raba riguna, shuɗaye masu gajeren hannu da rubutu a baya. Na sa tawa a kan rigar atamfa na yafa mayafi. Wani akawu mai rawar kai ya tare ni a baranda ya ce, "Ashe Mama duk ƙanƙance idon nan hoto kike kallo a fayil?"

Na ce, "Kai da kake karantawa, ba kai ka tura mai naƙuda layin masu ciwon haƙori ba?"

Aka kwashe da dariya, ya sosa ƙeya ya wuce. Na ci wannan. Amma daga ranar, in na ɗauko fayil sai wani ya karɓa ya duba lambar kafin ya miƙa. Da ba sa dubawa. Daidai suke samu kullum, amma suna dubawa.

Aka ajiye mini kujera kusa da mai jegon. Ta ɗauko fayil ta nuna mini, in taɓa zaren in ce wannan na tsohon nan ne mai gonar shinkafa a wajen Arikya, kuma akwai wani fayil nasa a kanta ta uku da sunan coci, a haɗa su. Ta danna, ta danna, ta ajiye a kwali. Wannan matar ta rasu bara da kaka. Waɗannan biyun sunansu ɗaya amma ba mutum ɗaya ba ne, ɗaya ɗan wan ɗaya ne, kada ki haɗa. Haka muka yi ta yi wata huɗu.

Da farko nakan ba ta labarin gaba ɗaya. In ce wannan in ta zo kada a kira sunanta da ƙarfi, dangin mijinta ba su san tana zuwa ba. Wannan yana tsoron allura, sai an yi masa hirar doya. Wannan kurma ne a kunnen hagu, a tsaya masa ta dama. Sai ta tsaya da hannu a sama ta ce, "Mama, babu wurin rubuta wannan." Na ce ta nema. Ta nuna mini gilashin kwamfutar, gida-gida ne kamar gonar albasa, ta ce wannan na suna, wannan na shekara, wannan na gari, shi ke nan. Daga baya na daina faɗa. In ba ta suna da gari, sauran in haɗiye.

Wani aikin kuma ya same ni wanda ba a rubuta a takarda ba. Akwai wata babbar nas, ta kusa ritaya, mace mai kwarjini, in ta shigo ɗaki yara sukan miƙe. An sa mata kwamfuta a tebur ta yi kwana uku ba ta taɓa ba, tana cewa aiki ya yi mata yawa. 'Yan sa kai duk ta haife su, wasu ma ita ta karɓi haihuwarsu. Wata rana ina goge mata taga ta rufe ƙofa ta ce, "Yaya, in na rubuta sunan mutum, ina zan taɓa ya zauna kada ya gudu? Tambayo mini. Kada ki ce ni ce."

Na san wannan ciwon, ba sai an yi mini bayani ba. Na je na tambayi mai jegon kamar ni nake son sani. Ta nuna mini, na haddace, na dawo na ce, "Ki kai 'yar kibiyar can sama ta hagu, wurin abu mai kama da akwati, ki danna sau ɗaya. In ya tambaye ki da Turanci, ki ba shi na farkon." Ya yi. Bayan ita sai mai ba da magani, sai wani tsohon ma'aikacin ɗakin gwajin jini. Duk manya ne, duk a ɓoye. Na yi ta yawo da tambayoyi a kai ina dawo da amsa, kalmomin Turanci a bakina waɗanda har yau ban san ma'anarsu ba. Ba wanda ya san na wani. A watannin nan an kira ni fiye da kowane lokaci a rayuwata.

Amma kanta tana raguwa. Kowace yamma masu gadi su zo su kwashi kwalaye zuwa sito. Bangon da ban taɓa gani ba ya fito, fari, da shatin katako. Manyan nan kuma hannunsu ya fara sabawa, tambaya ta koma ɗaya a sati, daga nan babu.

Ranar da ya rage kanta biyu, mai jegon ta tsaya da dannawa ta ce, "Mama, ka san in muka gama..."

Na ce, "Na sani. Ɗauko na gaba."

"Za mu iya yin a hankali. Ba wanda yake ƙirga mana."

Na dube ta. Da gaske take, kuma raina ya so. Amma layi yana waje, wasu mutane a kwamfuta wasu a kanta, tsofaffi suna zaune a rana ana nemansu wuri biyu. Na ce mata ban saba jan ƙafa a aiki ba, ba kuma zan koya da furfura ba. Muka gama a kwana tara.

Aka yi ɗan taro, aka sha lemo, shugaban ya kira sunan 'yan sa kai ɗaya bayan ɗaya aka tafa. Da ya zo kaina ya ce ba za a ɗauke ni daga ɗakin kati ba, in ci gaba da zama a nan. Ya cika alkawari, ba wanda ya kore ni. Na ci gaba da share ɗakin. Ba ya ɗaukar minti goma yanzu, tebur uku ne da wayoyi. In na gama sai in zauna a kujerata. Mutum ya leƙo ta taga ba kati, in buɗe baki, kafin in yi magana an danna sunansa na farko, na biyun da na ukun sun fito da kansu, waɗanda ni na faɗa. Wani lokaci a wuni sau ɗaya za a ce Mama, shi ma in tsoho ya zo da yaren da ba sa ji. Wata ranar ko sau ɗayan babu.

Zan faɗi wani abu da ban taɓa faɗa ba. Na riƙa fatan a ɗauke wuta. Ni da nake ganin marasa lafiya a layi, na zauna ina kallon ƙwan fitila ina jira. Ana ɗaukewa kuwa, amma janareto yakan tashi nan take. Sai wata Litinin, layi har bakin titi, wuta ta tafi janareto ya ƙi tashi. Ina baranda da tsintsiya. Na jingine ta, na wanke hannu a famfo, na goge da gefen zani, na zo na tsaya a ƙofar ɗakin. Gilasan duk sun yi baƙi. A layin na gane mutum bakwai, na san kwalin da fayil ɗin kowannensu yake, don ni na ce a jera su yadda suke a kanta. Makullin sito kawai za a karɓo.

Mai jegon ta ɗago ta gan ni. Ta buɗe baki, ina jin abin da za ta ce ke nan, sai ƙarar janareto ta tashi daga baya. Fanka ta juya, gilasan suka haska. Ta ce, "Sannu da aiki, Mama," a hankali, ta juya ga taga.

Na koma na ɗauki tsintsiyata na ƙarasa barandar.

Sati na zagayowa na je wurin shugaban na roƙe shi ya mayar da ni ɗakin kwanciyar mata, can ƙarshen asibiti. Ya ce wani ya ɓata mini rai ne? Na ce ko kaɗan, ɗakin kati ne ba ya tara ƙura yanzu, ni kuma ban iya cin albashin zama ba. Ya so ya ja maganar, na tsaya a kan bakana, ya sa hannu.

Shekara biyu na yi a can kafin gwiwa ta kayar da ni, ɗana ya kawo ni nan Azuba, a gefen Lafia, inda ya gina mini ɗaki. Nas-nas ɗin ɓangaren sababbi ne, masu jinya kuwa yau su zo gobe su tafi. Ba wanda ya san na taɓa yin wani aiki ban da shara, ni kuma ban faɗa ba.